Ramar Baranda da Igiyar Malam Tanimu

Ranar Lahadin nan da kuka zo cin tuwo wurina, na ji ɗayanku, wancan mai aikin kwamfuta a unguwar Khabaisi, yana cewa ashe har yanzu akwai wanda ake biya albashi a Dubai don ya murza igiya. Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba saboda loma na bakina. To yanzu na haɗiye, sai ku saurara.

Wurin kawuna na koyi tufka, a wani ƙauye gabas da Ringim. Shekara biyun farko bai bar ni na taɓa igiya ba, rama ya haɗa ni da ita. In ta isa a yanke, a ɗaure dami-dami, a nutsa a kududdufi a danne da duwatsu, ta kwana bakwai ko goma har ɓawon ya saki kara. Wanda bai taɓa shiga kududdufin da aka jiƙa rama ba, bai san wari ba. In na fito, awakin gidanmu ma komawa suke bayan danga. Daga nan a saɓe ɓawon, a bubbuga a ruwa, a shanya, a taje shi har ya zama zare. Sai a shekara ta uku kawu ya ce, "Haladu, naɗe wandonka." Ya ɗora min sili biyu a cinya, ya saƙala bakinsu a babban yatsan ƙafata, ya ce in tura da tafin hannu. Kayan aikin matufki ke nan, yawancinsu da su aka haife ka. Abin da za ka nema daga waje wuƙa ce da ƙahon akuya mai tsini na buɗe sili in za a haɗa igiya biyu. Ƙahon kawu har yanzu yana aljihuna. Cinyata ta dama kuwa rabonta da gashi tun ina ɗan shekara goma sha huɗu.

Ba igiya ce ta kawo ni garin nan ba, ɗaurin kago na zo yi, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida. Wata rana ina ɗaure wa wata Hajiya katan-katan na atamfa, wani Ba'indiye ya tsaya yana kallon ƙullin da na yi. Ya ja, bai kwance ba. Ya taɓa wani wuri ɗaya da na nuna masa, ya warware gaba ɗaya. Ashe shagon kayan ado gare shi a unguwar Karama, masu yi wa otal-otal da gidajen abinci kwalliya. Shi ne arbab ɗina har yau, wato maigidana, kamar yadda ake faɗa a nan.

Ku da kuke ganin aikin da sauƙi, ba ku san masu sayen ba. Otal zai aiko yana son sabuwar igiya mai kama da wadda ta shekara ɗari a jirgin ruwa. Sai in tufka ta tsaf, in dafa ta a ruwan shayi, mu ɗaura ta a bayan motar arbab mu ja ta a tsakuwa. Balarabe mai raƙuma in ya zo sayen akala, cizawa yake, kamar shi za a ɗaura wa. Akwai wata Baturiya da ta sa na naɗe mata turke da igiya don kyanwarta ta riƙa wasa farce. Ta kawo kyanwar shago ta gwada. Kyanwa ta shinshina ta juya baya. Sau uku ina sakewa. A na huɗu na shafa wa igiyar man kifin gwangwani, aka ce ni ƙwararre ne.

Amma aikin da nake son ku ji shi ne na wani tsoho Bajapane. Da hantsi ya shigo shago, gajere, kansa fari fat, da 'yarsa a bayansa mai yi masa tafinta, don shi Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Sunansa Tanabe. Bakina ya ƙi kama sunan, na mayar da shi Malam Tanimu. Shi ma ya rama, ya mayar da ni Haradu-san. 'Yar kuma Asako, na ce mata Asabe. Gidan abinci za su buɗe, tsohon yana son wata ƙatuwar igiya a saman ƙofa, mai kauri a tsakiya, siririya a baki biyu, kamar mesa ta haɗiyi ɗan akuya.

Na ce wannan ba matsala. Da wane zare?

Tsohon ya ɗaga yatsa ya ce, "Asa."

Na ce da Asabe, "Mece ce kuma asa?"

Ta dubi ƙofa, sannan ta buɗe wayarta ta miƙo min. Jama'a, ganyen wiwi ne. Yatsu bakwai, ƙiri-ƙiri, irin wanda 'yan iska ke mannawa a bayan babur. Na kife wayar a teburi. Arbab ya leƙo ya gani, ya je ya rufe ƙofar shago, ya kashe rediyo, ban san me rediyo ya yi ba.

Na ce, "Asabe, gaya wa Baba nan Dubai ce. Ko warin abin nan aka ji a rigarka, ka gama da biza."

Ta gaya masa. Maimakon ya tsorata sai ya jawo kujera ya zauna. Nan na fara shan wa'azin da na yi wata biyu ina sha. Ashe mutumin ɗan ƙungiya ne a ƙasarsu, masu fafutukar a dawo da noman asa. Ya ce kakansa gonarta gare shi, kara ya fi mutum biyu tsawo, kuma a duk ƙauyen ba wanda ya taɓa tunanin cinna mata wuta ya zuƙa, kamar yadda ba wanda zai naɗe auduga ya sha. Zarenta ake so. Da shi ake tufka igiyar wuraren ibadarsu, da shi ake ɗamarar sarkin 'yan kokawarsu, waɗancan ƙattin masu tumbi. Gidan sauron da ya kwana a ciki yana yaro na asa ne. Rigar jariri ana zana mata siffar ganyen, don yaro ya miƙe sambal ya girma da sauri kamar karan. Busasshen karan kuma a ƙona a ƙofar gida lokacin tuna magabata. Har 'ya'yan suna cikin yajinsu. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da baƙi suka riƙe ƙasar, aka kafa doka, ta haɗa mai zare da mai zuƙa ta yi musu kuɗin goro. Yanzu sai da lasisi, manoman sun zama 'yan tsiraru, kuma yawancinsu tsofaffi.

Ya nuna 'yarsa ya faɗi wata magana. Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce sunana ma daga nan ne. Asako, ɗiyar asa."

Na ce, "Wato 'Yar Wiwi aka raɗa miki?"

Ta ce, "Baba Haladu, don Allah kar ka faɗa a waje."

Kafin su fita ya zaro wasu takardun ƙungiyarsu daga jaka, kowace da hoton ganyen ɓaro-ɓaro, ya ba ni da hannu biyu yana rusunawa. Ni ma na karɓa da hannu biyu ina rusunawa. Suna fita na yayyaga su ƙanana-ƙanana, na raba a kwandon shara uku a tituna daban-daban.

Washegari na kai masa shawarar rama. Ina da buhun zarenta da nake sa a sako min a kago daga Kano. Ya ɗauki sili ɗaya ya shinshina, ya ja da ƙarfi, ya ɗaga a haske, ya goga a kunne yana sauraro. Ya ce zaren asa na gaske launin zinariya ne, yana sheƙi, in ka murza shi yana da wata ƙara. Wannan kuwa, in ji shi, ƙanwar asa ce da aka haifa a lokacin yunwa. Raina ya ɗan sosu. Na ce da Asabe ta gaya masa da wannan ƙanwar aka ja ruwa a rijiya gaba talatin tun kafin a haifi kakansa. Ya yi dariya har da tari, ya ce a gwada.

Na tambayi Asabe ko bauta wa igiyar ake yi, don in haka ne su nemi wani. Ta ce can gida alama ce ta cewa wuri mai tsabta ne, amma ta gidan abinci, tsohon so yake ya riƙa ɗaga kai yana tuna kakansa. Na ce wannan da sauƙi.

Ashe wahalar na gaba. Na yi kwana uku ina tufka, tsohon ya zo ya duba ya dafe kai. Tasu igiyar hagu ake murza ta. Ni kuwa duk igiyar da na taɓa yi a duniya dama take tafiya, hannuna ba ya ma tambayata. Na warware duka. Na naɗe wandon hagu. Ku gwada cin tuwo da hagu a gaban surukai, za ku gane abin da nake nufi. In na murza sili biyu, na uku ya kwance. In na yi hankali ta tafi daidai, da zarar arbab ya yi min magana sai hannu ya koma gida, in duba in ga kamu guda ya juya. Sati biyu na yi a haka, cinyar hagu ta yi ja, ta saɓule, ita ma ta bi 'yar uwarta.

Ranar haɗawa mu huɗu muka yi. Manyan sili uku, kowane ya kai kaurin cinyar mutum a tsakiya. Ni da ɗaya, arbab da ɗaya, Malam Tanimu da ɗaya, Asabe ta zauna a kan bakin igiyar don kar ta motsa. Kafin mu fara sai da ya sa muka wanke hannu muka kuskure baki, ya barbaɗa gishiri a ƙasa. Kowa ya murza nasa, sannan a tsallake juna. Tsohon na ƙirga da yarensu, arbab na ihun "Yalla, yalla," ni ina salati. Sau biyu arbab yana shiga tsakanin sili ana naɗe shi. Da muka gama na gyara baki da ƙahon kawu, na aske gashin da ya fito da almakashi, tsohon ya saƙala mata wasu fararen takardu masu lanƙwasa. Ya ja da baya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba asa ba ce." Ya ƙara kallo. "Amma a rataye."

Bayan nan ne shekarar korona ta zo. Otal a rufe, gidajen abinci a rufe, ba mai son igiya ko ta shanya. Arbab ya ce kowa ya zauna a gida har Allah ya kawo sauƙi. Ina zaune a fulat ɗina a International City, hawa na uku, hannu ba abin yi. Na zazzage buhun zare don in ga abin da ya saura, sai ga 'ya'yan rama a gindin buhu. Na ce bari in shuka, ko kwaɗo na samu. Na huda bokitan fenti guda shida, na jera a baranda, ina ba su ruwan da ke ɗigowa daga esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ramar nan kamar jira take. Kafin wata uku ta wuce ƙarfen baranda tana leƙen titi.

Ku yaran birni ba ku san rama a gona ba, a kwano kuka san ta. Ganyenta na ƙasa faffaɗa ne, amma na sama tsagewa yake kamar yatsu. Ni da na tashi a cikinta ban taɓa ganin ta yi kama da komai ba sai rama. Mutanen ginin da ke fuskantarmu kuwa wani abu suka gani.

Ranar wata Talata bayan azahar aka buga ƙofa. Manajan gini ne, wani Bamisire mai ƙiba, da takunkumi a fuska. Bai gaishe ni ba ya wuce baranda. Ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Habibi, wannan mene ne?"

"Rama ce, Ustaz. Miya ake yi da ita."

"Miya." Ya gyaɗa kai. "Kowa haka yake cewa. Mutum uku sun turo min hoto. Ka san a wace ƙasa kake? Khalas, 'yan sanda zan kira, ka yi musu bayanin miyar."

Ya zaro waya. Na san in har suka zo, ko da gaskiyata, sai an tuge an kai gwaji, ni kuma in jira a inda ba esi. Arbab kuwa, mutumin da ya kashe rediyo saboda hoto, ba zai sabunta min biza ba. Na ce, "Ustaz, shwaiya, dakata kaɗan. Ba ni awa ɗaya. Na san wani masani, Bajapane, kakansa ma nomanta yake."

"Noman miyar?"

"A'a, noman ɗayar."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ya ƙura min ido. Amma ina jin kalmar Bajapane ce ta cece ni, don a garin nan ko tukunya aka ce ta Japan ce sai a yarda da ita. Ya ce awa ɗaya. Ya zauna a kujerata ya hana ni matsawa kusa da bokitan.

Malam Tanimu ya iso a tasi da Asabe, har da jakarsa. Ina ganin jakar nan na tuna takardun da na yayyaga. Ya fita baranda, ya sa tabarau, ya shafa kara, ƙananan ƙayoyin rama suka soke shi. Ya murje ganye ya shinshina ya yamutsa fuska. Ya ga fure guda da ya buɗe, rawaya mai jan ciki, ya nuna wa manaja yana girgiza kai. Ya ce da Turancinsa, asa, no. Na ce alhamdu lillahi a raina. Da a nan ya tsaya da an gama lafiya.

Sai ya buɗe jaka. Ya zaro takardar ƙungiya ya kara hoton ganyen kusa da na rama don a ga bambanci. Daga nan wa'azi ya motsa. Ya juya ga manaja ya fara da yarensu, yana nuna sama, yana auna tsawon kara da hannu, yana buga tumbi irin na 'yan kokawa, yana rirriga jariri a iska. Na gane kowace gaɓa, don na haddace. Yana gaya wa manajan gini a Dubai cewa a halatta noman wiwi. Ya fi minti biyar. Da ya gama ya rusuna ya miƙa masa takardar da hannu biyu.

Manaja ya dubi Asabe. "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce ba ita ba ce."

"Duk wannan?"

"Yarenmu yana da tsawo."

"Wannan takardar fa?"

Na yi wuf na karɓe. Na ce, "Ta gargaɗi ce, Ustaz. Gwamnatinsu ke rabawa don mutane su gane ta su guje ta."

Bai gamsu ba. Yana juya waya a hannu yana cewa shi ba ya son rigima da masu gini. Ƙofar fulat a buɗe take, maƙwabta sun taru a bakinta da takunkumansu. Sai wata Ba'indiya ma'aikaciyar jinya da ke hawa na biyu ta kutso, ta leƙa baranda, ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu, "Gongura!" Kafin wani ya yi magana ta tsinki ganye ta zame takunkumi ta jefa a baki. Ta lumshe ido saboda tsami. Ashe a jiharsu abincin sarauta ne, da nama suke dafawa, su kuma yi yaji da shi. Ta ce wata shida tana nema a kasuwa ba ta samu ba, ashe yana saman kanta. Ta tsinki wani ta miƙa wa manaja. Ya ƙi. Ta ce, "Ni nas ce, ci." Ya ci. Fuskarsa ta tattare wuri guda kamar bakin jaka. Ya jira ya ji ko kansa zai juya. Bai juya ba. Ya ce, "Wallahi wanda ya sha wannan don ya bugu, ya cuci kansa." Ya mayar da waya aljihu.

Na tafasa ganye na yi kwaɗo da ƙuliƙuli a ranar, kowa ya ci, har Malam Tanimu. Ya tauna a hankali, hawaye na zubo masa don tsami da barkono, ya ce a gaya min wannan tsiro ba ya buƙatar ƙungiya, zai iya kare kansa. Nas kuma ta je ta gaya wa 'yan jiharsu. Cikin kwana huɗu mata suka yi ta hawowa da leda suna gaishe ni da ladabi. Abin da 'yan sanda ba su tuge ba, maƙwabta suka cinye. Kara shida tsirara aka bar min.

Da korona ta lafa gari ya buɗe, muka koma aiki. Gidan abincin ya rayu, Asabe ke riƙe da shi, tsohon kuma ya ce ƙafafunsa sun gaji da siminti, ya koma ƙauyensu. Bara da kaka ina cikin bas daga Karama, cike maƙil, wayata ta yi ƙara. Bidiyo ne Asabe ta turo. Na buɗe ba tare da tunani ba. Sai ga Malam Tanimu a tsakiyar gonar wani abokinsa mai lasisi, ganyen nan ta ko'ina har sama da kansa, ya rungumi dami guda kamar amarya, yana ihu, "Haradu-san! Haradu-san!" Mutumin da ke kusa da ni ya miƙo wuya. Ban san lokacin da yatsana ya goge bidiyon ba, ya shiga kwandon waya ya sake gogewa.

Da na sauka na kira Asabe. Na ce, "'Yata, kashe ni za ku yi? Me Baba yake cewa a ciki? Ban tsaya na ji ba."

Ta ce, "In sake turowa?"

Na ce, "Turo, amma murya kawai. Kar in ga ko ganye ɗaya."

Ta turo. Na tsaya a inuwar tashar bas na kara a kunne. Iska na kaɗa kara, tsohon na haki. Ya kira sunana sau biyu. Sai ya faɗa da Hausa, a karkace, kalma ɗaya-ɗaya, ban san ranar da ya tsince ta a bakina ba: "Sannu da aiki."

Na amsa masa a tsaye a bakin titi, da ƙarfi, na ce, "Yauwa, Malam Tanimu, sannunmu."